Kurege da Kwamfutar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Inna.

To, Kura ce ta gaji da yawon dare, ta ce za ta buɗe shagon buga katin biki. Ta kira Kurege ta danƙa masa kuɗi, ta ce, “Sayo min kwamfuta mai ƙwaƙwalwar da ta fi kowacce gudu.”

Ya ce, “An gama, Hajiya.”

Sai kasuwa, rumfar Bushiya. Bushiya ta jera masa uku, ta ce, “Wannan kafin ka taɓa ta gama, amma tsada. Wannan ta tsakiya, aikinta ya fi kuɗinta, ita nake ba 'yan'uwa. Waccan kuwa tsohuwa ce, ko gaisuwa sai ta yi tunani.”

Kurege ya dubi mai gudu, ya dubi mai tsire a tsallaken hanya, yawu ya tsinke. Ya sayi tsohuwar. Bushiya na juya baya ya ɓare tambarin mai tsadar ya manna wa tsohuwar. Sauran kuɗin duk suka tafi a tsire.

Kura ta kunna. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Yana juyawa, yana juyawa.

“Kurege, ina gudun?”

“Hajiya, babbar ƙwaƙwalwa ai ba ta gaggawa.”

Ana haka sai ga Bushiya tana cigiyar tambarinta, ta gan shi manne a kwamfutar Kura. Ta ce, “Danna nan, ita da kanta za ta faɗi sunan ƙwaƙwalwarta.”

Kura ta danna, ta ɗaure Kurege a ƙafar tebur. Ta ce, “Ni ba na cin kowa babu shaida. Tana faɗa, in ƙarya ka yi, kai ne kalacina.”

Zobe yana juyawa. Kura na cewa, “Buɗe!” Kurege na cewa a ransa, “Don Allah kada ki buɗe.” In ta kusa, sai a ɗauke wuta, a koma farko.

Damina ta wuce, rani ya wuce, shekaru suka yi ta wucewa. Aka aurar da 'yar Kurege ba ya nan. Uwarsa ta rasu, a ƙafar tebur aka yi masa gaisuwa. Wallahi ni ma da nake ba ku labarin tausayinsa nake ji, duk da ɓarawo ne.

Ran da ta buɗe, gaskiya ta fito ɓaro-ɓaro. Kura ta kai masa cizo, sai dasashi, tsufa bai bar mata haƙori ko ɗaya ba. Ta zauna tana kuka, ta ce, “Tafi kawai.”

Ya ja ƙafa ya isa gida. Ramin ya rufta, matarsa ta yi wani aure. Wata yarinya ta leƙo daga maƙwabta ta ce, “Baba tsoho, wa kake nema?”

Ƙurunƙus kan tsohon kurege. In za ku cuci Kura, yara, ku sayi kwamfuta mafi jinkiri, za ku rayu. Amfanin rayuwar ne ban sani ba.