Aron Gola

Akwai wani matashi ɗan cikin birni, can wajen Dala, mai suna Nazeer. Ya daɗe a ƙasar waje har aka daina tambayar yaushe zai dawo. Ranar da ya dawo kuwa, sai da ya tsaya a bakin lungunsu yana waige-waige kamar baƙo.

Kududdufin bayan gidansu an cike shi, an dasa bene a kai. Teburin mai shayin da suke hira ya koma rumfar POS. Ganuwar da suke hawa suna yara ta ƙara zaizayewa, wani wurin ma sai an nuna maka. Filin da ya koyi tsaron raga an yanka shi shaguna. Kakarsu ta rasu, ɗakinta ya zama wurin ajiye gawayi. Abokansa duk sun yi aure, sun ajiye tumbi.

Ga kuma ƙaninsa Mikail, wanda ya bari da majina a hanci, yanzu ya fi shi tsawo.

Ƙwallo ce ta fitar da Nazeer daga Kano. Gola ne, wata ƙaramar ƙungiya a Finland ta ɗauke shi, bai yi nisa ba gwiwa ta ƙi. Kunyar dawowa ta sa ya nemi aiki a wani ɗakin wasan hoki na kan ƙanƙara, yana tuƙa motar da ke goge ƙanƙarar. Wasa ne na sanda, ana buga wata baƙar roba mai tauri kamar murfin gwangwani. Bai taɓa son wasan ba, amma gola ba ya kallon kowa a fili sai ɗan'uwansa gola.

A nan ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Babban golan ƙungiyar, wanda gari kaf ke rera sunansa, lafiyarsa ƙalau za a zaunar da shi a benci a ce yau hutunsa ne, na biyu ya shiga. Yaro kuma komai iyawarsa ba a jefa shi cikin manya. Sai ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi jikinsa ya yi ƙwari tukuna.

Da ya dawo ya tarar Mikail ya gaje shi, har ya wuce shi. Yaron bai gama sakandare ba, amma daga Dala har Gwale babu mai ƙwallon da bai san shi ba. Yana da tsawo, yana da zuciya, ƙasa komai taurinta zai faɗa mata.

Matsalar ɗaya ce. Mikail na kowa ne.

Ƙungiyarsa ta unguwa tana ƙarƙashin Koci Sabo, tsohon abokin Nazeer. Amma in makaranta tana da wasa, shi ne. In 'yan unguwar maƙwabta sun shiga gasa, sai su turo dattijo ya yi sallama a zaure ya ce da mahaifin su Mikail, Malam Nata'ala, "A taimaka mana da aron yaron nan gobe." In abokin Baba yana da ƙungiya, aro. In ƙanin mijin gwaggo ne, aro. Malam Nata'ala kuwa mutum ne da ba a taɓa roƙon sa tabarma ko tsani ya hana ba, balle ɗa. Wata rana yaron zai yi wasa da safe, ya sake wani bayan la'asar.

Wata safiya Nazeer ya shiga ɗakinsu sai warin man zafi ya buge shi. Mikail na tsaye yana kokawa da rigar makaranta, ya cije leɓe, hannun dama ya ƙi shiga.

"Tun yaushe?" in ji Nazeer.

"Ba komai fa, Yaya. Kwanciya ce."

"Ni za ka gaya wa kwanciya? Ɗaga hannun."

Ya ɗaga, amma sai da gumi ya tsattsafo masa a goshi. Daga baya ya faɗi gaskiya. Kafaɗar ta daɗe tana masa ciwo. In wasa ya matso sai ya biya kemis a yi masa allura, ya shiga fili.

"Kada ka gaya wa Baba," ya ce. "Masu ɗibar yara na wata makarantar ƙwallo za su zo gwaji ƙarshen wata. Koci ya sa sunana. In aka ji ina da ciwo shi ke nan."

"In ka ci gaba a haka ne shi ke nan."

Da yamma Nazeer ya samu Koci Sabo a gefen fili, yana tsaye da usur a wuya.

"Ah, Baturen ƙanƙara! Ka zo ka koya mana gudu a kan firji ne?"

Yara suka kwashe da dariya. Nazeer bai yi ba.

"Sabo, ka hutar da yaron nan har ranar gwaji. Ina golanka na biyu?"

Koci ya sosa ƙeya. "Nura? Ya gaji da benci, yana Farm Centre yana gyaran waya."

"To ka gani. A can inda nake, ko babban gola..."

"Don Allah dakata da a can ɗin nan. Tun da ka dawo, ruwa ma in ka sha sai ka ce a can ya fi sanyi. Nan Kano ne. In na ajiye Mikail aka ci mu, kai za a zaga ko ni? Kuma ni sau nawa nake sa shi? Je ka tambayi Baba sau nawa yake ba da shi."

Maganar ta yi wa Nazeer zafi, don gaskiya ce.

Bayan magariba ya zauna da mahaifinsu. Wannan karon ya sassauta murya. Ya gaya masa ciwon kafaɗar Mikail da allurar kemis, ya nuna masa gwiwarsa da tabon ɗinki, ya ce shi ma da allura ya riƙa shiga fili har ta lalace. Ya ce jikin yaro bai gama haɗuwa ba, abin da ya tsage yanzu ba lallai ya koma ba.

Malam Nata'ala ya daɗe yana jan carbi.

"Ashe har allura?" ya ce a hankali. "To. Daga yau har a yi gwajin nan, ba inda za shi. Duk wanda ya zo, ka bar ni da shi. Na san yadda zan yi."

Mikail ya samu hutun da bai taɓa samu ba. Ya yi barci, ya ci abinci, kumburin ya fara sauka. Mutum biyu sun zo aro, Baba ya zaunar da su, ya kawo ruwa, ya yi ta zagaye da magana har suka tashi ba tare da an ce musu a'a ba, ba kuma tare da an ba su ba. Nazeer ya fara jin kamar dawowarsa ta yi amfani.

Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Isiyaku ya yi sallama.

Alhaji Isiyaku maƙwabcin rumfar Baba ne a kasuwar Ƙofar Wambai. Tare suka tashi, tare suka yi makarantar allo, shi ne waliyyin auren yayar su Nazeer. Ya zauna a zaure, aka gaisa, aka taɓa hirar kasuwa, Nazeer na gefe a ƙasa.

"Nata'ala, wata 'yar alfarma ce ta kawo ni," in ji Alhaji yana dariya. "Yaran layinmu na takalma za su kara da 'yan layin robobi ranar Lahadi. Wasan zumunci ne kawai, amma bara sun ci mu, shekara guda ban sha ruwa ba a wurinsu. Ɗana Mikail nake so ya tsaya mana."

Malam Nata'ala ya gyara zama, ya yi murmushi, ya fara shimfiɗa maganarsa.

"To Alhaji, ai ɗanka ne. Sai dai kwana biyun nan yaron..."

Nazeer bai jira ba. Ya ji an ce "ɗanka ne", sai ya ɗauka an gama bayarwa.

"Ba zai buga ba, Alhaji," ya ce. "Mikail ba tsani ba ne da kowa zai zo ya ara. Ku da kanku kuke kashe yaran nan, in sun lalace ku ce ƙaddara."



Alhaji Isiyaku ya dubi Nazeer, ya dubi abokinsa. Ya jawo takalminsa da ƙafa.

"Ashe gidan ya samu sabon mai shi. Allah ya ba da haƙuri, Nata'ala. Ban sani ba."

"Zauna, Alhaji."

Muryar Malam Nata'ala ba ta ɗaga ba. Ɗansa ya katse shi a gaban baƙo, ya kuma ci fuskar aminin da suka fi shekarun Nazeer tare. In Alhaji ya fita a haka, kafin la'asar kasuwa ta ji cewa Nata'ala ba shi da iko da gidansa.

"Ni na haife su, su duka biyun," ya ce. "Mikail zai tsaya muku ranar Lahadi."

Da Alhaji ya tafi, Nazeer ya durƙusa yana ba da haƙuri. Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Na ce ka bar ni da su. Da ka yi shiru, da shi da bakinsa zai ce a bar yaron ya huta. Yanzu na riga na faɗa."

Nazeer ya koma kan Mikail, ya roƙe shi ya ce ba shi da lafiya, ya ɓuya, ya yi komai. Yaron ya girgiza kai.

"A kunyata Baba sau biyu? Wasan 'yan kasuwa ne fa, Yaya. Ba su iya bugu ba. Zan lallaɓa."

Ranar Lahadi aka taru a filin wata firamare, ƙasa kamar siminti, tsakuwa ko'ina. Manya masu tumbi suna gudu suna haki, 'yan kallo na tsokanar su. Gaskiyar Mikail ce, ba su iya bugu ba. Har aka kusa tashi bai faɗi ƙasa ko sau ɗaya ba, Nazeer ya fara sakin numfashi.

Sai wani ɗan layin takalma ya ja wani a cikin da'irar gaban ragar Mikail, alƙali ya ba da fenariti.

Alhaji Isiyaku ya miƙe daga kujerarsa yana ɗaga hula. "Ɗana! Ka fitar da ni kunya!"

Nazeer ya yi ihu daga bayan raga, "Kada ka faɗi! Bar ta ta shiga!"

Amma gola ne. Ƙwallo ta nufi kusurwar dama, jikinsa ya bi ta kafin ya yi tunani. Ya ture ta. Fili ya ɗauki sowa, 'yan layin takalma suna rungumar juna. Sai da sowar ta lafa aka lura bai tashi ba.

Mai ɗori aka fara kai shi, ya mayar da kafaɗar. Kwana kaɗan ta sake gocewa yana miƙa hannu zai ɗauki buta. A asibiti likita ya duba hoton, ya ce jijiyoyin sun daɗe da rauni, faɗuwar nan ta ƙarasa su. Sai an yi aiki, kuma ko an yi, Mikail ya cire tsaron raga daga ransa.

Masu gwaji suka zo suka tafi Mikail na kwance. Ƙungiyar Koci Sabo ta sa wa ɗan baya safar hannu, aka fitar da su daga gasa a wasa na gaba. Alhaji Isiyaku ya zo dubiya da ledar lemo da ayaba, ya yi addu'a, ya ce haka Allah ya rubuta. Kafin ya fita yana tambayar wani ko gaskiya ne akwai wani yaro mai kamu a Gwale.

Malam Nata'ala ya daina hira a zaure. In Nazeer ya gaishe shi yana amsawa, amma ba ya ɗago kai. Ba wanda ya ɗora wa wani laifi, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

Nazeer ya ga zaman ba zai yiwu ba. Ya kira mutanen ɗakin ƙanƙara, suka ce har yanzu suna neman direba.

Ranar da zai haɗa kaya, Mikail na zaune a bakin katifa yana kallon sa. An cire masa majanyin da ke rataye da hannun, ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

"Yaya, su golan can, in sun huta me suke yi?"

"Zama suke a benci da hula. Su kalli wasa."

"Shi ke nan? Kuma ba a jin haushinsu?"

"Ba a ji."

Mikail ya jinjina kai. Ya hango akwatin a saman durowa, ya miƙe da sauri.

"Bari in sauko maka da shi, ai na fi ka tsawo."

Ya miƙa hannu. Hannun ya tashi ya kai daidai kunnensa, ya tsaya. Ya ƙara yunƙurawa, bai wuce nan ba. Ya sauke shi a hankali ya koma ya zauna, yana kallon ƙasa.

Nazeer ya jawo kujera ya taka, ya sauko da akwatin da kansa. Ya buɗe shi a tsakar ɗaki, ya fara jera rigunan sanyi.

Darasi: Baiwar yaro amana ce, ba kayan aro ba. Iyaye da kociyoyi, ku koyi cewa a'a ko wa ya zo, ku hutar da yaro tun jikinsa bai karye ba, don kunyar rana ɗaya ba ta kai nakasar rayuwa ba. Kai kuma mai gaskiya a hannu, ka iya bakinka ka san lokacin magana, gaggawa tana rusa abin da kake ƙoƙarin karewa. Ku tura wa duk wani uba ko koci da kuka sani, wataƙila akwai yaron da ke shafa man zafi a ɓoye a gidansu.