Kwaɗon da Desmond Ya Sa wa Makarantar Tudu

Akwai wani mutum a garinmu Kurrandal, can cikin jihar Kwinsland, sunansa Desmond Halloran. Shi ne shugaban kwamitin iyaye na makarantun gari, kuma a gaskiya ya yi aiki. Cutarsa ɗaya ce: idan ya faɗi magana, to ta zauna ke nan.

Da can makaranta ɗaya ce a garin, wani ɗakin katako mai rufin kwano da makiyayan tumaki suka gina da hannunsu a kan tudu, a ƙetaren rafi. Da aka fara haƙar kwal, mutane suka yi ta tururuwa. Aka gina firamare a cikin gari, aka gina sakandare, aka sayo bas mai kwasar yaran gonaki. Ƙananan makarantun karkara kuwa aka yi ta rufe su, har aka zo kan ta tudu.

Rufe ta bai dami kowa ba. Sai dai tun da aka gina ta ba a taɓa kulle ƙofarta ba, domin nan ne kawai ruwa ba ya kaiwa idan rafi ya yi ambaliya. Desmond ya ce ɓata-gari za su mai da ita gidansu, don haka a kewaye tudun da doguwar waya mai ƙaya, a sa kwaɗo.

A wurin taro Malama Noreen ta miƙe. Tsohuwa ce, ita ta koya wa Desmond karatu a ɗakin nan, kuma gonarta na bayan tudun.

"Desi, rufe makaranta dai ka rufe, amma ka bar ƙofar. Ka san halin rafin nan."

"Haba Malama, da girmanki!" in ji shi. "Yanzu gadar siminti muke da ita. Zamanin zuwa makaranta a kan doki ya wuce. Ki koma gida ki ci gaba da saƙarki."

Wasu suka yi dariya, abin da har yau yake ba ni haushi. Ita dai ta ɗauki jakarta ta fita. Desmond ya sa kwaɗon da hannunsa, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Wata ranar Fabrairu aka tashi makaranta rana tana ƙwalla, ko gajimare babu. Wanda ya san ƙasar nan ya san wannan ba ya nufin komai. Ruwan can nesa yake sauka a kan duwatsu, sai dai kawai ka ga rafi ya taso. Bas ta kwashi yaran ƙetare, ciki har da Maisie, 'yar Desmond tilo, domin gidansu a can yake, shagonsa ne a gari.

Ba a jima ba Kev, direban bas ɗin, ya kira ofishin makaranta ta rediyon mota.

"Ruwa ya shanye gada a bayana, gaba ma ya tare hanya. Zan kai su tudu, zan..."

Rediyon ya mutu.

Da labari ya iso shago, Desmond ya sa hannu a aljihu don ya ɗauko mabuɗin mota. Sai ya taɓa wancan mabuɗin. Hanya a gindin tudun take bi, waya kuma ta fi tsawon mutum. Yara suna can a waje, ruwa yana tahowa.

A bakin gada iyaye sun cika, wasu suna kuka, wasu sun kasa. Ruwan ja ne, yana ruri, yana tafe da matattun tumaki da wani tankin ruwa sukutum. Desmond ya nufi ciki, ɗan sanda ya riƙe shi.

"Des, ka haukace ne?"

"Sake ni! Ni na kulle! Mabuɗin yana hannuna!"

Saboda mabuɗin ne masu aikin ceto suka yarda ya shiga jirgin ruwansu. Kusa da tudun suka hango bas. Ruwa ya kai tagogi, babu kowa a ciki, sai hular makaranta guda tana yawo tsakanin kujeru. Desmond ya ƙura wa hular ido. Tsoro irin wannan ba na yi wa ko maƙiyina fatansa.

Can sai suka ji ƙararrawa daga sama, tsohuwar ƙararrawar makaranta.

Da suka matso, ga ƙofar waya kwance a taɓo, da kwaɗonta da komai, an ɗaure ta da sarƙa a bayan wata tsohuwar tarakta. Ashe manoman da ke can sama sun buga wa Malama Noreen waya, kamar yadda suka saba sanar da juna idan rafi ya taso. Ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta hau taraktarta, ta fizge ƙofar, Kev ya shigo da yaran suna riƙe da hannun juna, ruwa har gwiwa.

Desmond ya haura da gudu yana faɗuwa. A ciki ya tarar da yara a lulluɓe da barguna suna shan shayi da burodi. Maisie ta ɗago.

"Baba, ka ga hulata?"

Desmond ya durƙusa a bakin ƙofa, ya miƙa wa Malama Noreen mabuɗin.

Ta dube shi ta saman gilashinta.

"Me zan yi da wannan? Tashi ka shigo, Desi, sanyi zai kama ka. Ƙofar a buɗe take."

Da ruwa ya janye, shi da kansa ya tuge wayar. Makarantun garin sun ƙara yawa tun daga lokacin, amma ta tudu tana nan, kuma ba wanda ya sake kawo maganar kwaɗo.

Darasi: Kafin ka rufe abin da na gabanka suka bari a buɗe, ka tambayi dalilinsu, kuma kada ci gaba ya sa ka wulaƙanta wanda ya koya maka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da mabuɗin jama'a.