Jinin Manu Ya Tafi Birni Shi Kaɗai

Akwai wani ɗan kasuwa a Bagudo mai suna Na'Allah, a farkon shekarun samun 'yancin kai. Atamfa yake shigowa da ita daga ƙasar Dahome, kuma mutum ne mai son a ce wane. Ya fi tsoron bakin mutane da cizon maciji.

Wansa Manu, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu, ya kamu da ciwon hanta. Idonsa ya yi rawaya, hannunsa na karkarwa, yana surutai marasa kan gado. Ranar da ya fita ƙofar gida ba riga yana kiran matattu, Na'Allah ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kulle shi a ɗakin baya.

Malam Sambo, tsohon ma'aikacin ɗakin shan magani, ya duba Manu ya ce:

"Wanga ba hauka na ba. Hanta ta kasa tace wata guba da aka kira amoniya, ita ka hau mai kai. Kai shi babban asibitin birni a auna jininai. Amma shi da kainai za ya tahi, don jinin awon ga ba ya jimirin tahiya, da an ɗiba aka auna shi. Kuma a rage mai nama."

"In hito da shi duk gari na kallo?" in ji Na'Allah. "Malam, aikinka wankin gyambo. Ɗebi jini kawai."

Sambo ya yi magiya har ya gaji, ya ɗiba. Na'Allah ya ba wani direban babbar mota kwalbar jinin ya kai birni, shi kuwa ya dawo ya yanka rago. Kullum romo da balangu, kada a ce ya yi wa wansa rowa.

Bayan kwana biyar direba ya dawo da 'yar takarda: jini ya lalace a hanya, a kawo marar lafiya da gaggawa.

A lokacin Manu ya kwana biyu cikin barcin da ko girgiza ba ta ta da shi. Na'Allah ya sa shi a mota hankali tashe, amma ba su ci rabin hanya ba rai ya yi halinsa.

Da aka sauke gawa, matar Manu, Barira, ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙaninsa, ta ce:

"Na'Allah, ka kai jini asibiti, ka bar mai jinin a ɗaki."

Har ya tsufa bai sake iya haɗa ido da ita ba.

Darasi: Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma wanda ka raina yana iya riƙe da maganar da za ta ceci naka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana ɓoye marar lafiya a gida yanzu haka.