Notin da Ya Rage a Murfin Kwalba

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a layin masu kayan lantarki, kowa Walƙiya yake kiransa. Idan ya riƙe sukundireba, kafin ka gama gaisawa da maƙwabta ya kwance kwamfuta ya ɗaura. Ya iya aikinsa, wannan babu ja. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma yana so duk mai wucewa ya shaida.

Yana da yaya mace, wadda ita ta kama hannunsa ta kai shi koyon sana'ar tun yana ɗan saurayi. Tana da ƙaramin shagon buga takardu, kuma da kwamfuta guda ɗaya take ciyar da gidanta.

Wata safiya kwamfutar ta mutu murus. Walƙiya ya duba ya ce madabod ne ya ƙone, wato babban allon nan na ciki da duk sauran kayan suke maƙale a jikinsa. Abin ya zo a mummunan lokaci, domin wata makaranta ta ba ta aikin buga takardun jarrabawa, kuma washegari za a karɓa. Shugaban makarantar ya gaya mata ƙarara cewa idan ta saɓa, wani shagon zai koma, ba kuma zai dawo ba.

Yayar ta zagaye kasuwa har ƙafarta ta yi ciwo kafin ta samu allon da zai dace da injinta. Shi kaɗai ya rage a wajen mai shi. Ta shigo shagon ƙanenta rungume da kwalin kamar jariri.

"Auta, ga shi nan," in ji ta. "Mutumin ya ce in wannan ya lalace, sai dai a yi oda daga waje. Don Allah ka bi shi a hankali."

Walƙiya ya yi dariya. "Haba Yaya, ni za ki gaya wa? Zauna ki huta. Kafin shayin nan ya huce kin ji ƙarar fanka."

Maganar ta faɗa kunnen maƙwabcinsa Mai Gilashi, shi ma mai gyara ne, kuma sun daɗe suna 'yar tsama. Ya leƙo yana murmushi. "Kafin shayi ya huce? To mu gani a ƙasa." Nan da nan mutane suka taru a bakin shago. Mai sayar da caja ya zaro waya ya fara ɗaukar bidiyo. Ana haka shugaban makarantar ya iso don ya ga inda aikinsa ya kwana, ya tsaya daga baya ya harɗe hannu.

Ku zo ku ga Walƙiya da 'yan kallo! Ya zare filogi daga soket. Ya dafa ƙarfen akwatin kwamfutar don wutar da ke jikinsa ta fita, kada ta yi wa sabon allon illa. Ya kwance tsohon, yana jefa notinansa cikin murfin kwalba kamar yadda ya saba. Ya fito da sabon daga ledarsa, gefe da gefe ya riƙe shi, bai taɓa tsakiyar ba. Ya zaunar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ba tare da ya danna ba, ya ɗiga man sanyaya, ya ɗora fanka, ya sa ram, 'yar ma'ajiyar bayanai, har ya ji ta ce ƙas. Sannan ya kwantar da allon a cikin akwatin, ya ɗaure, ya jona wayoyi. Gaskiya hannun yaron nan abin kallo ne.

Shayi na nan yana tururi. Mutane suka fara tafi.

Ya miƙa hannu zai ture murfin kwalbar gefe, sai ya ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Noti ɗaya ya rage.

Ga wanda bai sani ba, madabod ba ya kwanciya a jikin ƙarfen akwati. Akwai 'yan ƙafafun ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙasa, yana zaune a kansu, kuma kowace ƙafa dole ta faɗa daidai ramin noti. Idan ƙafa ta tokari allon a inda babu rami, tana iya haɗa layukan wutarsa, kana kunnawa ya tafi. Aikin farko shi ne a gwada ramukan sabon allo da ƙafafun da ke cikin akwati, a cire wadda ba ta da gurbi. Walƙiya ya san wannan kamar sunansa. Shayi ne ya sa ya tsallake.

Ya leƙa cikin akwatin da gefen ido. Duk ramukan sabon allon da notinsu. Babu wata ƙafa da ta fito fili a gefe. To in haka ne, ƙafar da aka kwance notin nan daga kanta tana ƙarƙashin allon Yaya.

A ganinsa, babu wanda ya lura sai shi. Ya damƙe notin a tafin hannu, ya rufe.

"Malam, kunna mana," in ji Mai Gilashi. "Ko hannun ne ya yi sanyi kafin shayin?"

Aka kwashe da dariya. Zuciyar Walƙiya ta fara raya masa: wataƙila ƙafar ba ta taɓa komai ba. Sau da yawa ana dacewa. In ma ya ƙone, sai a ce daga kamfani ya zo da matsala, wa zai gane? Ya ɗauki filogi ya nufi soket.

Sai idonsa ya faɗa kan Yaya. Ba ta cikin masu dariya. Tana zaune a kan benci ta haɗa hannu biyu a ƙirji, leɓenta na motsi tana addu'a. Ba ta san ram ba, ba ta san furosesa ba. Shi kawai ta sani, ta kuma yarda da shi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Ya ajiye filogin. Ya buɗe hannunsa a gaban kowa, har da mai bidiyo.

"Na yi kuskure," in ji shi. "Ban gwada ƙafafun ba kafin in ɗaura. Sai na kwance."

Shagon ya kaure da ihu. Mai Gilashi har da riƙe ciki. "Walƙiya ya kwance aikinsa! Mai caja, ka ɗauka da kyau, yau akwai labari." Wani ya ɗaga kofin shayin ya ce ya huce tuni.

Walƙiya ya sunkuya kan akwatin. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kwance notinan, ya ɗaga allon a hankali. Ga ta nan kuwa, 'yar ƙafa guda tsaye ƙiƙam a inda tsohon allon yake da rami, sabon kuma babu. Ya juya bayan allon. Har ta yi ɗan tabo a kan wasu siraran layukan wuta guda biyu da ke manne da juna.

Mai Gilashi ya gyara gilashinsa ya matso ya duba. Nan take ya daina dariya, domin shi ma ɗan sana'a ne, ya san abin da yake gani. A hankali ya ce, "Kai. Da ka kunna, da sai hayaƙi."

Yaya ta miƙe. "Auta, ya lalace ne?"

"Bai lalace ba, Yaya. Saura ƙiris ni in lalata shi."

Ya cire ƙafar. Ya bi ramukan da yatsa, kowanne da tasa, sannan ya sake ɗaurawa, yana juya noti daidai kima ba tare da ya matse ba. Ya sake duba wayar wuta babba da ƙarama. Wannan karon murfin kwalba wayam. Ya jona, ya danna. Fanka ta juya, sikirin ya kawo haske, komai na Yaya yana nan yadda ta bar shi. Ta saki ajiyar zuciya, ta ce Alhamdu lillahi, hawaye na zubo mata.

Kafin la'asar firinta ta fara fitar da takardu. Washegari da shugaban makarantar ya zo karɓa, ya biya ta shagon Walƙiya. Ya ce suna shirin haɗa ɗakin kwamfuta, kuma shi yake so ya yi aikin.

"Yallaɓai, jiya fa a gabanka na kunyata."

"Na gani," in ji shi. "Na ga lokacin da ka damƙe notin, na kuma ga lokacin da ka buɗe hannu. Masu sauri suna da yawa a layin nan. Ni wanda zai buɗe hannu nake nema."

Yaya kuwa ta karɓi 'yar ƙafar ƙarfen ta ajiye a kan teburinta. Duk ranar da Walƙiya ya shigo yana cika baki, sai ta ɗauke ta, ta ɗora a gabansa, ta ci gaba da aikinta.

Darasi: Gwani ma yana kuskure, abin da ke raba shi da mai ɓarna shi ne abin da ya yi bayan ya gano. Kada tsoron dariyar mutane ya sa ka kunna wuta a kan amanar wanda ya yarda da kai. Dariya tana wucewa kafin yamma, amma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Ku tura wannan ga duk mai sana'ar hannu da kuka sani, musamman wanda aka fi yabo.