Bijimin Marigayi

Baffa, Allah ya ji ƙanka, yau na zauna bakin garken da ka bari, sai hikayar nan taka ta dawo mini.

An yi wani sarki, Nafi'u, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa garken shanun yanka, da wani baƙin bijimi mai tozo kamar tulu, ana ce masa Hadari. Saboda tsananin begen mahaifinsa, sarki ya hukunta kada wani bijimi ya ƙara shiga garken, Hadari kaɗai zai yi barbara. Shekaru suka shuɗe, maruƙa suka riƙa zuwa a ƙanjame, wasu ko miƙewa su kama nono ba sa iyawa. Sarki ya fusata, ya sa aka gurfanar da Ardo Jabbo mai kiwon garken, ya ce za a kore shi daga ƙasar, shi da iyalinsa.

Waziri Haladu ya nemi a dakata. Sarki ya ce, "Waziri, ga ciyawa, ga ruwa, ga bijimin da babu kamarsa. In ba sakacin Ardo ba ne, mene ne? Warware mini, ko ka bi shi."

Waziri ya sa aka ɗauko wani maraƙi mai rawar ƙafa, ya ce, "Ardo, wa ya haifi wannan?"

"Hadari."

"Uwarsa fa, wa ya haife ta?"

"Hadari, ranka ya daɗe."

"To, kakarsa?"

Ardo ya sunkuyar da kai. "Shi ɗin dai ne. Na faɗa tun tuni, aka ce in kama bakina."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, jini in ya daɗe yana kewayawa a gida ɗaya, aibin da ke ɓoye cikinsa shi ke fitowa sarari. Marigayi yakan musanya bijimi da na nesa, yana duban uwarsa da 'ya'yansa kafin ya dubi tozonsa, kuma ta haka aka samo Hadari. Sarki ya riƙe bijimin marigayi, amma ya saki hanyarsa."

Idon sarki ya ciko da ƙwalla. Ya sallami Ardo da karsana, ya umarce shi ya musanyo Hadari da bijimin wata ƙasa, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya ce, "Adalci shi ne mai mulki ya tuhumi umarninsa kafin ya hukunta wanda ya bi umarnin."

Baffa, ni ma gobe zan kai naka bijimin musanya. Ban gaya wa kowa ba tukuna.