Tunku da Akwatin Wutar Ɓauna

An yi wani Tunku mai son aikin hannu, amma ga gaggawa kamar ana korarsa. Yana da 'yar na'urar sassaƙa a rumfarsa. Wani ɗan inji ne ke tura wuƙarta taki-taki, injin kuma wani ƙaramin akwati ne ke auna masa wutar lantarki daidai cikinsa.

Innarsa ta tsufa, zaman ƙasa yana sa mata ciwon baya. Sai Tunku ya ɗauko katakon maɗaci ɗaya tal da mahaifinsa ya rasu ya bari, ya ce zai yi mata kujera mai zanen furanni.

Kwana biyu na'urar tana ta tafiyar hawainiya. Haƙurin Tunku ya ƙare. Ya je wurin Ɓauna, mai katafaren injin tsaga gungume, ya aro babban akwatin wutarsa.

Maƙwabciyar Tunku, Bushiya, wadda ba ta taɓa waya sai ta karanta abin da aka rubuta, ta leƙo.

"Kai, Tunku! Duba jikin injinka, ƙarfin wutar da aka rubuta biyu ne. Akwatin nan shida yake turawa. Ko dai ka rage shi, ko ka mayar."

"Haba, Bushiya! Ke komai tsoro. Ƙarfi nake nema, Inna tana jira."

"Ai ita nake ji. Kuma ka share garin katakon nan."

Ina! Tunku ya haɗa akwatin da injinsa, ya murɗa shi har ƙarshe. Da farko wuƙa ta yi ta gudu, yana ta tsalle. Can sai ƙauri ya tashi. Injin ya yi zafi zau, ya fara tsallake taki, wuƙa ta kauce ta nutse cikin katako.

"Kashe daga bango!" in ji Bushiya. "Kada ka taɓa wayar!"

Tuni ya fizge wayar injin alhali wuta na ciki. Fat! Akwatin ya yi tartsatsi, ya ƙone masa hannu, garin katako ya kama da wuta. Tunku ya rarumo bokitin ruwa, Bushiya ta bangaje shi, ta kashe makunnin bango, ta watsa yashi.

Wuta ta mutu, amma katakon ya rabe biyu. Wallahi ya ba ni tausayi, ya zauna yana kuka wiwi.

Inna ta dogaro sandarta ta iso. Ba ta ko dubi katakon ba, sai ta kama hannunsa da ya ƙone tana hurawa. Daga baya ta shafa tsagin ta ce, "Shekara goma babanka yana adana shi, ko fartanya bai bari an jingina masa ba. Ba komai, ɗana. Shimfiɗo mini tabarmata."

Darasin wannan labari shi ne, yara, kowane inji yana da iyakar wutar da zai ɗauka. A karanta jikinsa kafin a zaɓa masa akwati, kuma a kashe wuta kafin a taɓa waya. Tunku ya koyi wannan, sai dai har yau Inna a ƙasa take zama.