Toshin Gyaɗa a Birnin Ƙirya

Ga ta nan ta iso ƙofa, ku matsa ku ba ta wuri.

A Birnin Ƙirya, inda namun daji ke da fada da ganuwa da kasuwa, Sarki Zaki ya rasu ana tsakiyar kaka. Ya bar 'ya'ya biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Jatau ɗan fari da ƙanensa Anaruwa, kowanne yana ganin don shi aka sassaƙa gadon sarauta. Al'adar garin ita ce masu neman sarauta su fita bayan ganuwa har a yi sadakar arba'in. Jatau ya kafa sansani a gabas, Anaruwa a yamma, gaba ta shiga tsakani, ko gaisuwa ba sa aika wa juna. Uwarsu, Mai Babban Ɗaki, ta shiga takaba.

Masu zaɓen sarki huɗu ne, amma uku bakin Madawaki Damisa suke kallo. Shi kuma Madawaki 'ya guda gare shi, Yalwa, wadda in ta sauka rafi samari kan manta da ƙishirwar da ta kawo su.

A gindin ganuwa akwai wani kurege, Tunau, auta cikin 'ya'ya tara, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Kowa na kai amfanin gona rumbu, shi cikinsa na kiran sunansa. Ya zauna a bakin rami, ya dubi hayaƙin gabas, ya dubi na yamma, ya kaɗa wutsiya.

"Ni ne Tunau, ƙaramin baƙo mai cinye tuwon masu gida. Rami ɗaya, ƙofa bakwai. Wasu su noma, wasu su girbe, ni in buɗe baki."

Da gari ya waye ya nufi gabas, ya faɗi gaban Jatau ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ba gulma ta kawo ni ba. Jiya a rafi na ji 'yar Madawaki tana tambaya ko Yarima na cin abinci a dajin nan."

Jatau zaki ne mai nauyin baki. Ya daɗe yana son Yalwa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya kawar da kai ya ce, "Me kuma ta ce?"

"Ta yi ajiyar zuciya, ranka ya daɗe. Har sau biyu."

Nan take Jatau ya sa a kawo cinyar gwanki a kai mata toshi, wato kyautar saurayi ga budurwa. Tunau ya dubi naman ya girgiza kai.

"Gidan Madawaki za a kai wa nama? Can da ƙashi ake tokare ƙofa. Yarinyar nan gyaɗa take so, da aya, da ɗan zuma. Kunya ce ta hana ta faɗa."

"Damisa da gyaɗa?"

"So ke nan, ranka ya daɗe. Yana sauya wa mutum harshe."

Kafin azahar Tunau ya isa yamma da labarin nan, sai dai a can ajiyar zuciyar ta zama sau uku, don Anaruwa matashi ne mai son a ƙara masa. Tun daga ranar dakarun yarimomi biyu suka bar wasa makamai suka koma tonon gyaɗa. Kwando ya fito daga gabas, kwando ya fito daga yamma, a ajiye a gindin ganuwa, Tunau ya ce daga nan shi zai ƙarasa, don gidan surukai ba a shigarsa da gayya. Yakan koma wa kowanne da gashin zabuwa guda. "Ta ce ka dubi ɗigon nan ka tuna da ita." Jatau ya ɓoye nasa a ƙarƙashin buzu. Anaruwa ya soke nasa a geza yana yawo da su.

Kwana ashirin, Tunau ya yi kumatu, ƙofa biyu daga cikin bakwai ɗin raminsa suka yi masa kaɗan.

Sai Anaruwa ya ce shi ya gaji da gashin tsuntsu, zance yake so da bakinta. Ya kuma haɗa Tunau da Kura, babban dogarinsa, ya raka kwandon har cikin gidan Madawaki ya gani da idonsa.

Suna tafe Tunau ya riƙa satar kallon bayan Kura yana tsaki.

"Me kake kallo, ɗan tsito?"

"Ba komai, Sarkin Dogarai. Faɗin bayan nan kawai nake aunawa. Ka san in za a naɗa sabon sarki sai an sake wa tambari fata, kuma Madawaki ne mai nemowa. Ya ce ta akuya ba ta amo. Shekaranjiya ya tambaye ni ko na san wani kure mai lafiyayyen baya."

Kura ya dire kwandon a hankali. Ya ce ya tuna ya bar wani abu a kan wuta. Da ya koma sansani ya rantse ya ga Yalwa da idonsa tana ɓare gyaɗa tana murmushi.

Da gari ya waye Tunau ya samo igiyar rama mai kauri, ya ɗiga mata gawayi ta koma kamar wutsiyar damisa, ya kafa zana a wani kango bayan kasuwa, ya zura igiyar ta ƙarƙashi, ya shige cikin tulu don murya ta yi kauri. Da la'asar Anaruwa ya iso, ya sha turare har ƙudaje na faɗuwa.

"Yalwa, kin wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Yarima," in ji tulu. Igiya ta motsa.

"Muryarki kamar daga rijiya."

"Kewarka ce ta yi mini zurfi."

Anaruwa ya narke. Ya miƙa hannu zai taɓa wutsiyar, igiya ta shige da sauri.

"Haba Yarima, ba a kai lefe ba. In da gaske kake, zuman jiya ya yi ruwa. A nemo na kogon dutse."

Da zaki ya tafi yana tuntuɓe don murna, Tunau ya fito daga tulu yana rawa. "Ni ne Tunau, budurwar sarakuna. Da igiya na ɗaure zaki, ban ko ƙulla ba."

Ana saura kwana uku arba'in, ƙanwar ubansa ta biyo ta bakin raminsa. Gwaggo Cima tsohuwar kurege ce, jakadiyar Mai Babban Ɗaki, mai baƙin mayafi da sanda mai ƙararrawa, wadda duk wanda ya ji ƙararta ya san saƙon fada ne. Ta zauna tana haki.

"Ja'iri, wannan ƙiba fa? Gadon wa ka ci?"

"Albarkarki ce, Gwaggo. Ina zuwa da ranar nan?"

"Aike. Uwar ɗakina ta ce Anaruwa da wancan na gabas su haɗu gobe a gindin kukar da aka binne ubansu, su ci a akushi ɗaya, su bar masu zaɓe su yi aikinsu. Ta ce ba ta haifi 'ya'ya don ungulu ba."

Gyaɗar da ke bakin Tunau ta koma ƙasa. In zakuna biyu suka zauna a akushi ɗaya, kafin loma ta uku wani zai ambaci Yalwa, kafin ta biyar a ambaci kurege. Ya dama wa Gwaggo kunun gyaɗa mai kauri, ya zuba zuman kogon dutse, ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Tsohuwa ta sha, ta ce bari ta ɗan miƙe ƙafa. Da minshari ya kankama, ya zare mayafin da sandar.

A yamma aiki ya tafi sumul. Tunau ya duƙa, ya rufe fuska, ya sa murya tana karkarwa: Mai Babban Ɗaki ta ce kada Anaruwa ya kuskura ya je inda wansa yake, an haƙa masa rami. Anaruwa ya yi ruri, ya ba jakadiya tukwicin dabino.

Tunau ya isa gabas yana jin kansa kamar ya hau iska. Jatau ya ji ƙararrawa, ya tashi tsaye don girmama saƙon uwa, ya sunkuyar da kai.

To, kowa a Birnin Ƙirya ya san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta kiransa ɗana, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ta so shi sai dai ta ƙara masa nama a miya ta kau da kai. Tunau ma ya sani. Amma shi auta ne, ya tashi yana jin sunansa a bakin uwa safe da yamma, kuma maƙaryaci in ya ga ana saurarensa da kyau sai ya ƙara gishiri.

"Uwarka na kuka, Yarima. Ta ce, ki gaya wa Jatau ɗana, Jatau sanyin idona, kada ya je kusa da ƙanensa."

Jatau ya ɗago kai ya ƙura wa mayafin ido har Tunau ya fara jin ƙaiƙayi a ƙarƙashinsa.

"Sake faɗa, Iya. Yadda ta faɗa."

"Jatau ɗana, sanyin idona."

"Ƙara sau ɗaya."

Tunau ya ƙara, har da shessheƙa. Zaki ya lumshe ido ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ɗora hannu a kan wutsiyar da ta leƙo ta bayan mayafi.

"Na gode," in ji shi. "Tun da aka haife ni nake son in ji yadda zai yi daɗi. Amma matar da ta haife ni, ko wuƙa aka sa mata a wuya, wancan za ta ce. Wane ne a ciki?"

Da gari ya waye gindin kuka ya cika. Gwaggo Cima ta farka ta kai saƙon gaskiya ba mayafi ba sanda, Anaruwa ya zo yana huci, Madawaki ya zo da 'yarsa. Aka kife Tunau da kwandon toshi, Kura ya zauna a kai.

Anaruwa ya fara. "Yaya, sarauta mu yi ta ja, amma Yalwa ta riga ta zaɓa." Ya nuna gashin zabuwa a gezarsa.

Jatau ya matso gaba. Ya kwance ƙullin buzu, ya zazzage nasa a ƙasa, tuli guda.

Yalwa ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Baba, waɗannan kiwon zabi suke yi?"

"Gyaɗar da kika ci fa?" in ji Anaruwa. "Da zancenmu a kango?"

"Ni damisa ce, Yarima. Me zan yi da gyaɗa? Kuma duk cikinku ba wanda ya taɓa tako ƙofar gidanmu ya ce mini sannu. Mai so ya zo da ƙafarsa, in ji muryarsa, ya ji tawa."

Aka kawo igiyar rama da tulun. Jatau ya ɗaga igiyar ya kaɗa ta a gaban hancin ƙanensa. "Anaruwa, ga amaryarka. A sa ranar?"

Anaruwa ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi. Suka yi ta yi har hawaye, kamar lokacin da suke yara. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, ni igiya ta yaudare ni, kai ko da sunanka a bakin Iya ba a saye ka ba. Hau gadon. Amma zancen Yalwa ban bar maka ba."

"Wannan ba ni ke naɗawa ba," in ji Jatau, ya saci kallonta.

Saura hukuncin kurege. Kura ya ce a ba shi, ba sai an wahalar da kowa ba. Sai Gwaggo Cima ta tako, ta karɓi sandarta, ta durƙusa.

"Ranku ya daɗe, ɗan wana ne. Ni ya fara ci wa mutunci. A bar ni in fara sauke nawa, sannan ku yi naku."

Aka ɗaga kwando. Sanda ta sauka a gadon bayan Tunau, ƙararrawa na kuka, shi ma yana yi. Duka na gaskiya ne, ba wasa. Sai dai in ya yi dama ta tare shi, in ya yi hagu ta tare shi, tana kora shi taki-taki zuwa saiwar kuka, inda tsohuwa ta hango wani rami tun da ta iso.

"Mara kunya, ɗan asara," take faɗa da ƙarfi. A hankali kuma ta ce, "Bayanka, sakarai. Shige."

Jatau ya gane a makare. Ya kai hannu, farce ya zane Tunau daga kafaɗa zuwa cinya, amma kurege ya riga ya zama na ƙasa.

Aka fasa raminsa na gindin ganuwa, aka kwashe gyaɗa da aya da zuma, da su aka yi shagalin naɗin Sarki Jatau. Mai Babban Ɗaki ta aiko a gaida Anaruwa, a kuma ce wa wancan ya riƙa cin abinci.

Tunau kuwa ya ɓullo can bayan rafi, yana ɗingishi, baya a kumbure, gyaɗa biyu a kumatu. Ya hau suri, ya juya gefensa ga rana don 'yan tsuntsaye su ga zanen.

"Ku duba da kyau. Sarki da hannunsa ya yi mini wannan, ranar da na sasanta shi da ƙanensa. Ni ne Tunau, mai naɗa sarki da igiyar rama." Ya tauna gyaɗa ɗaya, ya ɓoye ɗaya. "Ku da kuke yawo, ba ku ji wani gari da sarkinsa ke tari ba?"

Ƙurunƙus. Kan kusu naku ne, gyaɗar kuwa kurege ya riga ku.